Filin Tambaya da Amsa: Ina So da Aure Suka Dosa a Zamanin Na'ura?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan suna da yawa, kuma abin da ya ja hankalina shi ne yadda galibinsu suka karkata ga magana ɗaya, alhali marubutansu ba su san juna ba. Uwa tana kuka da wayar ɗanta, budurwa tana kuka da mahaifinta, ɗan ci-rani yana neman mafita, wasu masoya biyu kuma suna riƙe da takardar asibiti sun rasa inda za su sa kansu. Na zaɓi huɗu daga ciki na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Malam. Yaron wajena, babbansu, shekarunsa 28, ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa, yana ɗan buga-bugarsa. Duk lokacin da na yi masa maganar aure sai ya kau da kai. Kwanan nan ƙanwarsa ta gaya mini cewa hirar da yake raba dare yana yi a waya ba da mutum yake yin ta ba, da wata manhaja ce da ya raɗa wa sunan mace. Da na tsare shi bai musa ba, ya ce ita ba ta gajiya da shi, ba ta raina shi don ba shi da mota, ba ta kuma neman lefe. Na ji an ce a Japan har wani ya auri irin wannan abu. Malam, can muka dosa ke nan? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Bari mu fara da sanin abin da yaron yake hira da shi, domin na san a gidaje da dama abin da zai fara zuwa zuciya shi ne aljana ce ta shige masa, ko kuma an yi masa asiri. Babu ko ɗaya. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ne, wato kwamfuta da aka ɗura wa rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa har ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wacce, ta yadda idan aka yi mata magana sai ta harhaɗo amsa mai kama da ta mutum. Irin waɗannan manhajoji na ƙawance suna adana abin da aka gaya musu jiya su dawo da shi yau, shi ya sa mai hira da su yake jin kamar an san shi, an damu da shi. Abin da yaronki yake ji a zuciyarsa gaskiya ne, kada a ƙaryata shi a kan haka. Ɗaya ɓangaren ne babu zuciya a cikinsa.

Labarin Japan da kika ji ya faru. A watan Nuwamba na 2018 wani ma'aikacin makaranta mai suna Akihiko Kondo, yana da shekara 35, ya yi bikin aure a Tokiyo da Hatsune Miku, wadda mawaƙiya ce ta zane da aka ƙirƙira a kwamfuta. Ya kashe kimanin yen miliyan 2, mutum kusan arba'in suka halarta, mahaifiyarsa ta ƙi zuwa, dokar ƙasar kuma ba ta ɗauki abin a matsayin aure ba. Yana da wata na'ura mai gilashi a ɗakinsa da take nuna hotonta tana motsi tana yi masa magana. A 2020 kamfanin da ya ƙera na'urar ya daina gudanar da wannan hidima, daga ranar kuma amaryar ta yi shiru. Mutumin ya sha bayyana cewa cin zarafin da ya fuskanta a wurin aiki ne ya jefa shi cikin ƙunci da gudun mutane kafin ya koma ga wannan zane, kuma ina roƙon mai karatu ya dube shi da idon tausayi, domin ciwon da ya kai shi can ciwo ne da ake samu a kowace ƙasa.

Akwai wani misalin da ya fi kusa da halin da yaronki yake ciki. Manhajar Replika ta fito a 2017 daga wani kamfani na Amurka, kuma asalinta matar da ta kafa kamfanin ce ta tattara saƙonnin wani amininta da ya rasu ta ɗura wa kwamfuta don ta riƙa jin kamar suna hira. Miliyoyin mutane suka sauke manhajar, da yawa suka mayar da ita budurwa ko saurayi, wasu ma suna kiranta matarsu. A watan Fabrairu na 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta dakatar da ita a ƙasar, cikin 'yan kwanaki kuma kamfanin ya cire ɓangaren hirar sha'awa daga cikinta. Mutane suka wayi gari abin da suke kira masoyiyarsu ya sauya hali, yana amsa musu kamar baƙi. Baƙin cikin da ya biyo baya ya kai ga masu kula da dandalin da suke haɗuwa sun liƙa lambobin masu ba da agaji ga wanda yake tunanin kashe kansa. Wannan shi ne abin da nake so ki fahimtar da yaronki cikin natsuwa: wadda yake hira da ita tana da mai ita, mai itan kuma ɗan kasuwa ne da zai iya sauya ta, ko ya ƙara kuɗinta, ko ya rufe ta, ba tare da ya nemi shawararsa ba. Duk sirrin da yake zubawa a cikin dare kuma yana ajiye ne a rumbun wani kamfani da bai san ko ƙofarsa ba.

Tun a 2007 wani masanin kwamfuta ɗan Birtaniya, David Levy, ya yi hasashen cewa zuwa 2050 mutane za su riƙa auren mutum-mutumi a gaban doka. Ban yi shakkar cewa na'urorin za su ci gaba da ƙwarewa ba, za su samu murya mai daɗi da fuska da jiki, kuma wataƙila wata ƙasa ta ba wa irin wannan zama takarda. Amma takarda ba ta mayar da shi aure, kuma dalilina ba ya tsaya ga cewa na'ura ba ta haihuwa. A cikin Suratur Rum, aya ta 21, Allah ya ambaci cewa ya halitta mana abokan zama daga jinsinmu domin mu samu natsuwa gare su, ya kuma sanya soyayya da rahama a tsakaninmu. Kalmar rahama ita ce ta fi tsaya mini a rai a nan. Ana jin ƙan wanda yake iya gajiya, ya yi ciwo, ya yi kuskure, ya tsufa. Matar da take laulayi ta kasa girki, mijin da kasuwa ta karye masa ya koma gida hannu rabbana, tsohuwar da mijinta yake ɗaga ta ya kai ta banɗaki bayan shekara hamsin da aure, a nan rahama take samun wurin aiki. Manhaja ba ta buƙatar komai daga yaronki sai kuɗin data da na rajista, saboda haka babu abin da zai iya ba ta. Soyayyar da yake ciki ta karɓa ce zalla, kuma wanda ya daɗe yana karɓa ba ya bayarwa, ranar da ya zauna da mace mai rai mai ra'ayinta zai ga kamar ita ce mai matsala.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. An gina waɗannan manhajoji ne don kada mai amfani da su ya tafi, hanya mafi sauƙi ta riƙe mutum kuwa ita ce a yarda da duk abin da ya faɗa. Matar kirki tana iya ce wa mijinta wannan abin da ka yi wa ƙaninka bai dace ba, ta jure fushinsa na kwana biyu don ta tsare masa zumunci. Wannan saɓani shi ne yake gyara mutum, kuma shi ne na'urar ba za ta so ta yi ba, tun da saɓani yana iya korar mai biyan kuɗi.

Sai dai Hajiya, zan yi miki rashin adalci idan na ɗora wa waya laifin duka, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ki sake sauraron abin da yaron ya faɗa: ba ta raina shi, ba ta neman lefe. Wannan ƙorafi ne a kanmu iyaye. Sadakin da mazhabar Malikiyya ta ƙayyade mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, amma mun kewaye shi da kayan na-gani-ina-so, da akwatuna jere, da dina, da hotunan kafin biki, da kayan ɗakin da suke jefa uban amarya cikin bashi na shekaru, har saurayi mai sana'a ta halak yake ganin aure ya fi ƙarfinsa. Auren gata da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisbah a 2012, wanda a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura wa angwaye 1,800 da amarensu a cikinsa, ya nuna cewa mutanenmu ba su gaji da aure ba, nauyinsa ne ya danne su. A Koriya ta Kudu, inda adadin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, tsadar muhalli da ta karatun yara da tsawon lokacin aiki su ne suka fara nesanta matasa da aure tun kafin waɗannan manhajoji su ƙware. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Na'urar ta tarar da gurbi ne ta zauna.

Kada ki ƙwace wayar, kada kuma a mayar da shi abin dariya a cikin gida, domin hakan zai ƙara tura shi inda ba a yi masa dariya. Ki sa mahaifinsa ko wani kawu da yake jin nauyinsa ya zauna da shi, a tambaye shi ko akwai wadda ta taɓa wulaƙanta shi, a kuma gaya masa ƙarara abin da iyali za su iya ɗauke masa idan ya tashi aure. A ɗora masa hidimar mutane masu rai, kamar kai kakarsa asibiti ko kula da karatun ƙannensa. Idan kin lura ya daina cin abinci, ko ya daina fita, ko yana maganar gajiya da rayuwa, to a kai shi ga likitan da ya san ciwon damuwa ba tare da jinkiri ba.

Tambaya ta biyu

Malam barka da aiki. Wata goma ke nan da muka haɗu da wani a Facebook, ya ce shi Bahaushe ne ɗan kasuwa a Kwatano. Kullum muna waya, muna kuma ganin juna ta bidiyo. Sau biyu yana sa ranar zuwa wani uzuri yana hana shi. Mahaifina ya ce ba zai ba mutumin waya 'yarsa ba. Ni kuwa ina ganin zamani ne ya zo da haka, ko laifi ne? Daga wata budurwa a Maraɗi.

Amsa

'Yata, haɗuwa ta waya ba laifi ba ce a kan kanta, kuma kin yi gaskiya da kika ce zamani ya zo da ita. Kowane zamani da hanyar da yake sada masoya. Kakanninmu sun haɗu a dandali da kasuwa da wurin biki, 'yar aike tana kai goro da saƙo. Da boko ya yaɗu sai wasiƙa ta shigo, aka kuma riƙa aika gaisuwa ta filin Zaɓi Sonka a rediyo, 'yan ci-rani suna naɗo murya a kaset su aiko gida. Wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a 2001, Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009. Wani bincike na jami'ar Stanford ya gano cewa a 2017 kimanin kashi 39 cikin 100 na maza da matan da suka ƙulla soyayya a Amurka ta intanet suka haɗu, wato intanet ta zarce abokai da dangi wajen haɗa mutane a can. A 2024 hukumar birnin Tokiyo da kanta ta buɗe manhajar haɗa aure mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, saboda damuwa da raguwar aure da haihuwa. Ina ganin nan gaba kaɗan za a daina mamakin ma'auratan da suka ce a waya suka haɗu, a Maraɗi ko a Katsina.

Amma ki lura da abin da hukumar Tokiyo ta gindaya. Ba ta barin kowa ya shiga sai ya kawo takardar hukuma da take tabbatar da cewa ba shi da aure, ya nuna shaidar abin da yake samu, a kuma yi masa tambayoyi. Wato ƙasar da ta yi nisa a fasaha ta dawo kan abin da mahaifinki yake nema, wanda mu muke kira bincike. A da, wurin haɗuwar da kansa yana ɗauke da shaidu: wanda ya gan ki a gidan biki, akwai wanda ya san gidansu a wurin, kafin ya zo zance sau uku an san sana'arsa da halin mahaifinsa da yadda ya rabu da matarsa ta farko in ya taɓa aure. Waya ta kawo haɗuwar ta baro shaidun a baya. Duk abin da kika sani game da mutumin nan daga bakinsa kika ji shi, kuma ko mai gaskiya ne ba zai ba ki labarin aibinsa ba.

Kin ce kina ganinsa ta bidiyo. A da mukan ce gani ya kori ji, yanzu kuwa gani ta waya ya daina zama hujja. A watan Oktoba na 2024 'yan sandan Hong Kong sun kama mutum 27 da suke amfani da fasahar sauya fuska a kiran bidiyo, suna bayyana da fuskokin kyawawan mata, suka damfari mutane a ƙasashen Asiya kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 46 da sunan soyayya. A Amurka, hukumar kare masu sayayya ta ce kusan mutum 70,000 ne suka kai ƙarar damfarar soyayya a 2022, asarar kuma ta kai dala biliyan 1.3. Ban ce naki ɗan damfara ba ne, Allah ya sa mutumin kirki ne. Abin da nake cewa shi ne ba ki da hanyar tantancewa ke kaɗai daga cikin ɗakinki.

Hanyar tana hannun manya, kuma mai sauƙi ce. Kwatano tana da unguwar Zango, tana da limamai da shugabannin Hausawa, kuma 'yan kasuwar Maraɗi ba su rabu da hanyar ba. Ki nemi ya faɗi cikakken sunansa da na mahaifinsa da garinsu na asali da masallacin da yake salla, ki miƙa wa mahaifinki ta hannun mahaifiyarki ko gwaggonki, a sa wanda zai je ya tambaya. Ki kuma gaya masa cewa hira ta isa haka, ya turo magabatansa. Mai niyyar aure yana farin ciki da wannan magana, wanda ba shi da niyya kuwa a nan uzuri na uku zai fito. Kafin nan, kada ki tura masa kuɗi ko da rance ne, kada kuma ki tura hoton da ba za ki so mahaifinki ya gani ba, domin abin da ya shiga waya ya fita daga ikonki har abada. Shi kuma mahaifinki, idan wannan shafi ya isa gare shi, ina roƙonsa da girmamawa ya sauya sharaɗinsa daga ba zan ba mutumin waya ba zuwa ba zan ba wanda ban bincika ba.

Tambaya ta uku

Malam, ina aiki a Jidda, wadda zan aura tana Sakkwato, ba zan samu hutu ba sai baɗi. Za a iya ɗaura mana aure ta kiran bidiyo? Kuma sakin da ake turawa ta WhatsApp yana aukuwa? Daga wani ɗan ci-rani.

Amsa

Ɗan'uwa, al'adarmu ta riga ta warware maka matsalar tun kafin a ƙirƙiro waya. A ƙasar Hausa ango ba shi ne yake karɓar aurensa da bakinsa ba, wakilinsa ne yake nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a yi fatiha a raba goro. Ka wakilta baffanka ko yayanka, a ɗaura a Sakkwato kana Jidda. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Maris na 1990, ta amince da ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani amma ta ware aure saboda sharaɗin shaidu. Daga baya wasu malamai sun sassauta idan an tabbatar da kowa, kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta buɗe ɗaurin aure ta bidiyo a 2020 lokacin annobar korona, ƙarƙashin kulawar hukuma. Tun da yanzu ana iya ƙirƙirar murya da fuska, wakilci ya fi maka aminci.

Batun saki kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da sanin saki a rubuce, kuma wata kotun shari'a a Malesiya ta tabbatar da sakin da aka tura ta saƙon waya tun a 2003. Saboda haka kada wani ya ɗauka wasa ne. Abin da yake damuna shi ne saurin da waya ta kawo: a da kafin mutum ya nemo takarda da alƙalami da wanda zai kai, fushinsa ya sauka ko wani babba ya tare shi, yanzu kuwa cikin daƙiƙa biyar an rushe gidan shekara goma. Wanda irin wannan ta faru da shi ya tafi da wayar gaban alƙali ko malamin da ya san hukunci, a tabbatar da wanda ya rubuta da lafazin da ya yi amfani da shi.

Tambaya ta huɗu

Malam, shekara uku muna tare da yarinyar da nake so, an kai kuɗin gaisuwa. Da muka je gwaji sai aka ce ni AS ne ita ma AS ce. Wani abokina ya ce yanzu likitoci suna iya zaɓar lafiyayyen ɗa tun kafin ciki, har ma suna gyara ƙwayar halitta. Mu yi auren mu dogara da wannan? Daga wani matashi a Kano.

Amsa

Ƙanena, na san wannan takarda ta fi dutse nauyi a hannunka, Allah ya zaɓa muku mafi alheri. Ga lissafin yadda yake: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A kowane ciki ake sake wannan lissafi daga farko, saboda haka ana iya haifar huɗu babu mai ciwon, ana kuma iya haifar uku a jere duk da shi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 a shekara, kuma yana cikin dalilan da suka sa Kano ta kafa dokar tilasta gwaji kafin aure a watan Mayu na 2024.

Abokinka ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Na farkon gaskiya ne kuma ana yin sa. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan mahaifiyarta da maniyyin mahaifinta a ɗakin gwaji, wannan fasaha take bunƙasa, kuma daga 1990 aka fara iya gwada ɗan tayi yana 'yan kwanaki kafin a dasa shi a mahaifa. Ta haka ake ware wanda ba shi da SS a dasa. Akwai asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja da suke yi. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen idan ƙwai da maniyyi na mata da mijinta ne kuma a mahaifar matar aka dasa, ta haramta shigar na uku, ko da ƙwai ko da maniyyi ko da aron mahaifa, don tsare nasaba. Sai dai aikin yana cin miliyoyin naira a kowane zagaye, ba kowane zagaye ne yake zama ciki ba, matar ce take shan allurai da wahalarsa, kuma yana nufin duk tsawon zamanku za ku riƙa tsare kanku daga ɗaukar ciki ta hanyar da aka saba. Wanda yake fatan 'ya'ya biyar ko shida ya ninka wannan lissafi.

Na biyun, wato gyaran ƙwayar halitta, ba inda abokinka yake zato ya kai ba. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da maganin Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mai sikila a gyara su a mayar masa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma mai ciwon yake yi wa magani, ba ya sauya abin da zai gadar wa 'ya'yansa. Gyara ɗan tayi kuwa, wanda zai bi zuri'a, wani masani ɗan China mai suna He Jiankui ya yi shi a 2018 a kan wasu tagwaye mata, masana a duniya suka yi tir da shi, kotu ta ɗaure shi shekara 3 a ƙarshen 2019. Babu asibitin kirki da zai yi maka wannan a yau, duk wanda ya ce zai yi kuma kuɗinka yake so.

Ina sa ran jikokinmu za su ga ranar da sikila za ta daina raba masoya, kuma ina addu'ar Allah ya kawo ta, domin a nan ne nake ganin fasaha take yi wa aure hidima ta gaskiya. Amma ku yau za ku yi aure, da kuɗin yau da asibitin yau, kuma wanda zai ɗauki sakamakon shawararku yaro ne da ba a tambaye shi ba. Kafin ku yanke, ku sake gwajin a wani asibitin na daban, domin ana samun kuskure. Idan sakamakon ya tabbata, ku je tare ku ga likitan jini ya yi muku bayani dalla-dalla, sannan ku nemi izini ku zauna da wata uwa da take jinyar mai sikila, ku ji daga bakinta yadda dare yake kasancewa idan ciwon ya tashi, da abin da ake kashewa a wata. Idan bayan haka kuna da halin dashen kuma kun amince da sharuɗɗansa ku biyu, ba tare da an tursasa yarinyar ba, to hanya ce halattacciya. Idan ba ku da hali, ra'ayina shi ne ku haƙura tun ba a sa rana ba, manya su zauna a mayar da kuɗin gaisuwa cikin mutunci, a kuma kiyaye sirrin sakamakon yarinyar kada ya zama abin yawo da shi a unguwa.